Tarihin Katakon Da Ake Ɗaure Wanda Ya Yi Hatsari A Kai

Duk mai kallon finafinan Amurka ya san hoton nan: an yi hatsarin mota, ma'aikatan agajin gaggawa sun iso, sun sa wa mutum kwalar wuya mai tauri, sun ɗaure shi tamau a kan dogon katako. Yau za mu ji asalin wannan al'ada, da dalilin da ya sa ake janye jiki daga gare ta.

Abin ya samo tushe ne a shekarun 1960. A 1966 wasu likitoci a Kanada suka wallafa rahoton marasa lafiya da suka shanye bayan hatsari, suka ɗora laifin a kan yadda aka ɗauke su. A 1967 Dakta J.D. Farrington, likitan ƙashi a Amurka, ya yi rubutu kan yadda ake fizgo mutane daga mota ba tare da kula da ƙashin bayansu ba, ya kawo shawarar katako. Zuwa 1971 maganar ta shiga littafin koyar da ma'aikatan motar asibiti. Daga nan ta zama doka: in dai hatsari ne, a ɗaure.

To amma fa ba a taɓa gwada ta ba. A 1998 Dakta Mark Hauswald da abokan aikinsa suka kwatanta mutum 334 da aka ɗaure a jihar New Mexico da mutum 120 a Malesiya da ba a ɗaure ba. Waɗanda ba a ɗaure ba ne suka fi tsira daga nakasar laka. A 2010 wani nazari kan mutum sama da 45,000 masu raunin harsashi ko wuƙa ya gano mutuwa ta ninka a cikin waɗanda aka tsaya ɗaurewa. Ga kuma illar katakon kansa: ciwon baya, gyambon fata, da takura numfashi.

Me ya hana ma'aikatan su saki nan take? Tsoro. Wanda ya ɗaure mutum ba gaira ba dalili, ba mai tuhumarsa. Wanda bai ɗaure ba kuma mutumin ya shanye, kotu na jiransa, likitan asibiti ma zai tsare shi da tambaya.

Sai a 2013 ƙungiyoyin likitocin gaggawa da na tiyata a Amurka suka ce a rage amfani da katako. A 2018 suka koma kan taƙaita motsin ƙashin baya: a tantance wanda ke bukata, a kwantar da shi kan gadon motar asibiti, katako kuma ya zama abin ciro mutum kawai.

Kar wani ya ji wannan ya ce an halatta jan wanda ya yi hatsari ta ƙafa a cusa shi a bayan mota. In yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗaga shi tare da mutane da yawa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.