Yadda Insulin Ya Fito Daga Ɗakin Gwaji Ya Isa Gadon Asibiti

Kafin shekarar 1922, idan likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu yana da ciwon sukari, to kamar ya ce musu su fara shirin rabuwa da shi ne. Abin da ake iya yi kawai shi ne rage masa abinci har ya kusan zama horon yunwa, hanyar da likitan Amurka Frederick Allen ya yi fice da ita. Yaro ya rame, ya ƙara 'yan watanni, daga bisani ya tafi.

Masana sun daɗe da sanin inda matsalar take. A 1889, a Jami'ar Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering sun cire wa kare wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ciwon sukari ya kama karen. An gane ke nan akwai abin da gaɓar ke fitarwa mai daidaita sukarin jini. Amma shekara sama da 30 ilimin yana cikin mujallu, majinyata suna mutuwa. Wasu, irin su Nicolae Paulescu na Romaniya, sun tatso ruwan da ya sauke sukarin karnuka, sai dai babu wanda ya kai shi matsayin magani.

A ƙarshen 1920 wani matashin likitan tiyata, Frederick Banting, ya kai wa Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto da ke Kanada shawararsa. Macleod bai gamsu sosai ba, amma ya ba shi ɗakin gwaje-gwaje da karnuka da ɗalibi ɗaya, Charles Best. Suka fara aiki a watan Mayun 1921. Kafin shekarar ta ƙare sun nuna ruwan da suke tatsowa yana raya karen da aka cire wa gaɓar, sun kuma koma samo ta daga shanun mayanka.

Abin da ya raya kare bai isa a zuba wa mutum ba. Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko a Babban Asibitin Toronto. Sukarinsa ya ɗan sauka, wurin allurar kuwa ya kumbura ya yi ƙurji saboda dattin da ke cikin ruwan. A nan amfanin jami'a ya fito, domin Macleod ya riga ya shigo da James Collip, masanin sinadaran jiki, wanda ya yi ta gwada ƙarfin alkohol daban-daban har ya tace ruwan. Ranar 23 ga watan aka sake yi wa yaron allura, ya farfaɗo, ya rayu har 1935.

Saura samar da ruwan, wato insulin, da yawa. Jami'ar tana da masana'antarta ta Connaught, wadda aka kafa a 1914 don haɗa maganin mashaƙo, amma aikin ya fi ƙarfinta, har aka yi wani lokaci a 1922 da insulin ya yanke. Dole ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, inda masanin sinadarai George Walden ya gano hanyar tacewa mai inganci. A Janairun 1923 Banting da Best da Collip suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar ƙirƙirar a kan dala ɗaya kowannensu. Wani kwamiti na jami'ar ya riƙa ba kamfanoni lasisi yana kuma sa ido kan ingancin abin da suke fitarwa. Ta haka August Krogh ya kai aikin Denmark, tushen kamfanin Novo Nordisk na yau.

Mutanen nan ba su jitu ba. Da aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya fusata, ya raba kasonsa da Best, Macleod kuma ya raba da Collip. Duk da haka hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai tunani, mai tacewa da likitan da ke gefen gado duk suna gari ɗaya, shi ya sa daga karen farko zuwa majinyacin farko bai kai shekara guda ba.

Wannan tsari ya zama abin koyi. A 1980 Amurka ta kafa dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfanoni lasisi. Sai dai tsarin bai warware batun farashi ba. Yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, talaka kuwa yana fama da tsada da rashin firjin ajiye shi.

Jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello da Bayero suna da asibitocin koyarwa da sassan harhaɗa magunguna. Ya kamata gwamnati da masu hannu da shuni su zuba kuɗi a gwajin asibiti da masana'anta, domin binciken da ya tsaya a kundin digiri ba ya warkar da kowa.