Tiyatar gwaiwar jarirai ta ƙaramar kafa

Gwaiwar matsematsi a jikin jariri ba ɗaukar kaya ko yawan kuka ke haddasa ta ba. Da ita ake haifarsa. A watannin ƙarshe na ciki, 'yan marainan ɗa namiji kan gangaro daga ciki zuwa mazauninsu ta wata siririyar hanya da ya kamata ta toshe daga baya. Idan ta zauna a buɗe, hanji kan zurara cikinta, sai a ga kumburi da ke fitowa yayin kuka ko yunƙuri, ya koma idan yaro ya natsu. Ta fi samun maza da bakwaini, kuma ta fi fitowa ta dama. A jikin mace, wani lokaci ƙwan mahaifa ne ke faɗawa ciki.

Saɓanin ƙaton cibiya, wanda galibi kan koma da kansa, wannan ba ta warkewa sai da aiki. Haɗarinta shi ne hanji ya maƙale jini ya daina isa gare shi, abin da ya fi faruwa a shekarar farko. Kumburin da ya yi tauri ya ƙi komawa, tare da amai da kuka ba ƙaƙƙautawa, na buƙatar asibiti nan take, ba ɗauri ko tsagar wanzami ba.

A tiyatar ƙaramar kafa, wato lafaroskofi, likita kan zura kyamarar da kaurinta bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba ta cibiya, a hura iskar kabon dayoksaid domin cikin ya buɗe, sannan a zagaye bakin hanyar da zare a ƙulle. Ba a sa ragar da ake sa wa manya. Wata dabara da Dariusz Patkowski na birnin Wroclaw a ƙasar Folan ya wallafa a 2006 ta sauƙaƙa aikin: allura ce ke shigar da zaren ta fata, kyamara na haska mata.

An fi tallata ƙanƙantar tabo, amma babban amfaninta shi ne likita na ganin ɓangarorin biyu, ya rufe na hagu da na dama a zama ɗaya. Sai dai ba kowace hanya da aka tarar a buɗe ke zama gwaiwa ba, saboda haka likitoci na da saɓani kan rufe ta.

Aikin na buƙatar cikakken maganin barci, alhali tsohuwar hanyar ƴar yanka a matsematsi na yiwuwa da allurar baya. Wannan na da muhimmanci ga bakwaini, wanda numfashinsa kan ɗauke bayan aiki, shi ya sa ake kwantar da shi a sa masa ido. A hannun ƙwararren likitan tiyatar yara, sakamakon hanyoyin biyu na kusa da juna, don haka rashin na'urar a asibiti ba hujjar jinkirta aiki ba ne.