Daga Ayari Zuwa Bayan Tirela: Tarihin Hanyarmu ta Zuwa Gida

Mu mutanen Sabo ta Badun, ko da a nan aka yanke wa mutum cibiya, in ya ce "zan je gida" kowa ya san Arewa yake nufi. Tsakaninmu da Kano akwai tafiyar fiye da kilomita 800, kuma yawancinmu ba masu hali ba ne: 'yan tireda ne, da masu shayi, da mahauta, da dillalai, da 'yan dako, da 'yan acaba. Shi ya sa tun da aka kafa wannan unguwa a 1916 tambaya ɗaya muke ta yi: yaya talaka zai je ya ga dangi ya dawo ba tare da ya cinye jarinsa a hanya ba? Amsar ta sha canzawa. Abin da bai canza ba shi ne, duk lokacin da abin hawa mai araha ya mutu, matafiyi ba ya fasa tafiya. Sai dai ya biya da wani abu da ba kuɗi ba: ko lokacinsa, ko lafiyarsa, ko ransa.

Kakanninmu da ƙafa suka zo. Fatake ne masu bin ayari a ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, suna kawo kanwa da fata da tufafi da dabbobi, su ƙetare kogin Kwara, su ya da zango a Ilori, sannan su gangaro Kurmi. Tafiya ce ta fiye da wata guda. A wancan zamani babu kuɗin mota, amma akwai kuɗin fito da na zango, ga 'yan fashi. Abin da ya tsare su shi ne taro: ba a tafiya ɗai-ɗai, kuma kowane ayari yana da wanda za a tambaya in wani ya ɓace. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo daga Ikko ya iso Badun a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, aka haɗe Ikko da Kano a 1912. Da farko ma a Jebba da jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai, kafin a gama gada. Wannan dogo shi ne ya raya Sabo. Shanu suna gangarowa, goro yana haurawa, mutane kuma suna bin duka biyun. Tafiyar wata ta koma ta kwana biyu. Talaka aji na uku yake shiga, bencin katako, mutum a kan kaya, kaya a kan mutum. Amma fa akwai makewayi, akwai wurin miƙe ƙafa, kuma kuɗin a rubuce yake, ba mai ƙara maka don ya ga Sallah ta matso. Dattawanmu har gobe suna lissafa tashoshin kamar karatu: Oshogbo, Offa, Ilori, Jebba, Makwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano.

Ba jirgi kaɗai ya sauƙaƙa tafiyar ba, har da tsarin unguwar kanta. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafi a kanmu a 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne maigida: mutumin da ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Ga matafiyi, ma'anar wannan ita ce ba ya biyan kuɗin masauki, ba ya kwana a tasha. In jari ya karye, maigida ne zai yi masa kuɗin jirgi. In yaro ne zai tafi shi kaɗai, a hannun wani sananne ake danƙa shi. Wasiƙa da kuɗi da saƙon goro duk ta hannun matafiya suke tafiya, kuma da wuya ka ji an ci amana, domin wanda ya ci ba shi da sauran fuskar shiga Sabo.

Mota ta daɗe tana bin jirgi a baya kafin ta sha gabansa. Manyan motoci masu bodin katako ne suka fara, suna ɗaukar huhunan goro zuwa Arewa, fasinja a kan kaya, yaran mota a can ƙarshe da katakon waigi a hannu. Daga shekarun 1970 abubuwa suka juya. An yi canjin hannu a 1972, aka yi canjin kuɗi zuwa naira a 1973, kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kan tituna. Kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar direbobi ta NURTW. Shi kuwa jirgi sai baya yake yi: fasinjojinsa sun haura miliyan 11 a 1964, amma zuwa 1974 sun dawo miliyan 4 da 'yan kai. An ɗauko Indiyawa sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya sake kwanciya.

Nan ne tafiya ta rabu gida biyu. Mai ɗan hali ya shiga Fijo 504 doguwa, ya tashi da asuba ya kwana Kano. Mara hali ya jira bas ta cika, ko ya koma kan roka. Hanyar kuwa ɗaya ce: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Makwa. Daga can 'yan Sakkwato da Kabi su miƙe ta Kwantagora da Yawuri, 'yan Kano da Katsina su karkata ta Tegina da Birnin Gwari su faɗa Kaduna.

Da aka shiga matsin SAP a 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari direba, kayan gyara suka yi tsada. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da shirin motocin jama'a, jihohi kuma suka tashi tsaye da nasu. A wannan zango ne muka saba da sunaye irin su Kano Line, Borno Express, Yankari Express, da motocin hukumomin sufuri na Katsina da Sakkwato. Wasu suna zuwa har Ikko, suna ratsawa ta nan. Kuɗinsu ya fi na tasha sauƙi, ana yankar tikiti, ana rubuta suna. A 1988 ɗin ne kuma aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Matsalar motocin gwamnati sananniya ce: a sayo su da biki, a ƙi yi musu gyara, bayan 'yan shekaru ka tarar da su a jere a kan duwatsu, sai wata gwamnati ta zo ta sake sayo wasu.

Giɓin da suka bari, dogayen bas-bas na 'yan kasuwa ne suka cike, waɗanda muke kira Makofolo. Gaskiya a faɗe ta, 'yan kasuwar Ibo ne suka gina wannan harka. Augustine Ilodibe ya fara Ekene Dili Chukwu da mota ɗaya a 1955, Young Shall Grow ta biyo baya a 1972. Su ne suka mayar da tafiyar dare sana'a: a tashi da yamma, a wayi gari a Arewa, ɗan kasuwa bai yi asarar yini ba, bai biya kuɗin masauki ba. Ga ɗakin kaya a ƙasa da zai ɗauke dila-dila. Wanda kuɗinsa bai kai na kujera ba, a sa masa ɗan benci a tsakiyar hanya, ya kwana a zaune ba majingina. To, amma araha ba ta ado. Dare na 'yan fashi ne, har ta kai ana ɗaukar 'yan sanda da bindiga a cikin bas. Ranar 18 ga Maris 2013 kuma bom ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Garin Kano, inda waɗannan motoci suke lodi, rayuka da yawa suka salwanta.

Daga baya ita kanta hanyar ta zama abin tsoro. Dajin Birnin Gwari ya koma hannun masu garkuwa da mutane, direbobi da dama suka koma zagaye ta Bida da Suleja, ko ta Akure da Okene da Lakwaja. Zagaye ƙarin mai ne, ƙarin mai kuwa a kan fasinja yake ƙarewa. A watan Yuni na 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Makwa, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Jirgin Ikko zuwa Kano da aka dawo da shi a Disamba 2012, kuɗin ƙaramar kujerarsa bai kai naira 2,000 ba, amma bai ɗore yadda aka so ba. Sabon jirgin da aka buɗe a 2021 kuwa a Moniya ya tsaya, bai haura Arewa ba. Sai man gas ya ninka fiye da sau biyu a 2022, sannan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma taɓa 1,000 a 2024.

Ina talaka ya nufa? Ya koma inda kakansa ya baro: bayan babbar mota. Ku je Ojoo ko Akinyele ku gani. Tirelar da ta sauke shanu ko albasa za ta juya, samari sun cika bayanta, wasu da baburansu, wasu a zaune a kan ƙarfen sama, ƙafafu na lilo. Ba kujera, ba rumfa, ba wanda ya rubuta sunan kowa. In ta faɗi, mutum goma ko ashirin a lokaci guda, wani ma sai an yi makonni kafin iyayensa su ji. Ga kuma zargi: mutane a cunkushe a bayan mota, ba takarda, ba mai magana da yawunsu, abu kaɗan ne zai sa a ce miyagu ne. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah a babbar mota, aka kashe 16. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ba za mu zagi yaron da ya hau tirela ba. Ai ba don daɗi ya hau ba, lissafi ya yi: kuɗin bas zuwa da dawowa zai cinye abin da ya tara wa mahaifiyarsa. Amma tarihin nan ya nuna mana cewa arahar da ta amfane mu, daga ayari har zuwa zamanin maigida, ba ta mutum ɗaya ba ce, ta taro ce. Gyaran hanya da kai jirgi Kano aikin gwamnati ne, kuma mu ci gaba da matsa wa waɗanda muka zaɓa. A Disamba 2023 gwamnatin tarayya ta rage rabin kuɗin bas a wasu hanyoyi na 'yan kwanaki, ka ga ashe abu ne mai yiwuwa, sai mu nemi a riƙa yin irinsa da Sallah ma.

Sauran kuwa a hannunmu yake. 'Yan gari ɗaya za su iya yin adashin mota tun daga Rajab, su ɗauki shatar bas kafin kuɗi ya hau. Fadar Sarkin Hausawa da shugabannin tasha za su iya buɗe littafi, duk motar da za ta tashi a rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, a kuma ba direba takardar shaida. Masu hali su tuna cewa cika wa yaro kuɗin kujera sadaka ce babba. Mai tafiya kuma ya shiga mota a tasha, ba a bakin titi ba, ya yi guzurinsa na garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ruwa tun daga gida, ya bar kuɗinsa a banki maimakon lalita, ya kuma gaya wa wani motar da ya shiga.

Zumunta a ƙafa take, haka muka gada, kuma ba za mu daina zuwa gida ba. Fatanmu dai wanda ya tafi ya isa, wanda ya isa ya dawo. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya, amin.