Dankalin Turawa: Daga Tsaunukan Andis Zuwa Yunwar Ailan

Bahaushe ya raɗa masa suna dankalin turawa don ya bambanta shi da nasa dankalin mai zaƙi, kuma don a hannun Bature ya fara ganinsa. Amma Bature ma baƙo ne a wajensa. Asalin wannan abinci yana can tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, a kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, inda manoma suka fara shuka shi fiye da shekara 7,000 da suka wuce.

A can bisa tsauni, inda masara ba ta yi saboda sanyi, mutanen suka gano dabarar adana shi. Sukan shanya shi da dare sanyi ya daskarar da shi, rana ta fito ta narkar, su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, har ya bushe ƙarau. Suna kiran wannan chuño, kuma yakan yi shekaru a rumbu bai lalace ba. Da shi daular Inka ta ciyar da mayaƙa da ma'aikatanta. Manomin Andis kuma ba ya shuka iri ɗaya. A gona guda za ka tarar da ja da baƙi da rawaya da shuɗi, wani na jure sanyi, wani na jure fari. Cibiyar binciken dankali ta duniya da aka kafa a birnin Lima a 1971 tana ajiye da iri fiye da 4,000.

Mutanen Sifaniya ne suka kai shi Turai wajen shekarar 1570, kuma an daɗe ana ƙyamarsa. Wasu sun ce yana jawo kuturta, wasu suka bar shi wa aladu. Sarakuna ne suka fara gane amfaninsa: kadada ɗaya ta dankali tana ciyar da mutane fiye da kadada ɗaya ta alkama, kuma mayaƙan da suka ƙone gonar hatsi ba su da lokacin tonon abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A 1756 Sarki Frederick na Purushiya, a Jamus ta yau, ya ba da umarnin a riƙa noma shi. Wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Parmentier, wanda ya rayu a kan dankali lokacin da yake fursunan yaƙi a hannun Purushiya, ya koma gida yana yi masa talla, har malaman likitanci na Paris suka tabbatar a 1772 cewa abinci ne na mutane.

Babu inda ya samu gindin zama kamar tsibirin Ailan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Yawancin filayen ƙasar suna hannun manyan masu ƙasa, da dama daga cikinsu ma a Ingila suke zaune. Talaka yakan karɓi hayar ɗan fili, ya noma hatsi ko ya kiwata alade don biyan haya, shi da iyalinsa kuma su ci dankali safe da dare. Namiji ma'aikaci yakan ci kusan kilo shida a rana. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum fiye da miliyan takwas a tsibirin, kuma kusan miliyan uku daga cikinsu ba su da wani abinci in ban da wannan. Mafi yawansu iri ɗaya suke shukawa, wanda ake kira Lumper, domin yana cika kwando ko da ƙasa ba ta da ƙarfi.

Dankali ba daga ƙwayar iri ake shuka shi ba, daga jikin uwar ake yanko shi. Saboda haka kowace shuka a gona kwafin 'yar uwarta ce, kuma cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da duka. A 1845 irin wannan cuta ta ƙetaro teku daga nahiyar Amurka. Ganye yakan yi baƙin tabo, cikin 'yan kwanaki gona ta ƙone kamar an bi ta da wuta, abin da aka tona kuma ya ruɓe a ma'ajiya yana wari. A shekarar farko aƙalla kashi ɗaya cikin uku na amfanin ya salwanta. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta lafa, amma mutane sun riga sun cinye irin shuka. A 1848 ta dawo.

Cutar ta ratsa Beljiyam da Holan da Jamus, an kuma mutu a can, sai dai ba kamar a Ailan ba. Bambancin yana ga mulki. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara daga Amurka a asirce don rage tsadar abinci. Gwamnatin John Russell da ta gaje shi a 1846 ta yi imani cewa bai kamata hukuma ta sa hannu a harkar kasuwa ba, kuma Charles Trevelyan, jami'in baitulmalin da ke kula da agaji, ya riƙe wannan aƙida da ƙarfi. Jiragen ruwa suka ci gaba da fita da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshin Ailan alhali mutane na mutuwa a bakin hanya. A tsakiyar 1847 an buɗe wuraren rabon miya da suka ciyar da kusan mutum miliyan uku a rana, wanda ya nuna cewa ciyarwar mai yiwuwa ce, amma bayan 'yan watanni aka rufe su. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta hana agaji ga duk wanda ke riƙe da fili fiye da rubu'in eka. Mai yunwa sai ya zaɓa: gonarsa ko ransa.

Taimako ya zo daga nesa. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya aika fam 1,000. Ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ba a daɗe da korarta daga ƙasarta ba, ta yi karo-karo ta aika. Duk da haka kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, yawanci saboda zazzaɓi da gudawa da ke bin yunwa, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi hijira. Har yau yawan jama'ar tsibirin bai koma adadin 1841 ba. Sai a 1997 Firayim Minista Tony Blair ya amince cewa masu mulki a Landan sun gaza a wancan lokaci.

A shekarun 1860 masanin tsirrai na Jamus, Anton de Bary, ya tabbatar cewa wata ƙaramar halitta mai kama da funfuna ce ke haddasa cutar. Bayan shekara ashirin aka gano maganin feshi a Faransa. Tun daga nan manomin dankali yake feshi, a damina mai yawan ruwa har fiye da sau goma.

Wannan wahala ce ta jefa dankali cikin rigimar sauya ƙwayoyin halitta, wato GMO. Kamfanin Monsanto ya fito da NewLeaf a 1995, dankali mai kashe ƙwaro da kansa, amma ya janye shi a 2001 bayan manyan masu saye irin su McDonald's sun juya masa baya. A 1998 wani masani a cibiyar Rowett ta Sikotilan, Árpád Pusztai, ya faɗa a talabijin cewa ɓerayen da ya ciyar da wani dankalin gwaji sun samu illa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta bincika ta ce aikin yana da kurakurai, amma jama'ar Birtaniya, waɗanda ba su daɗe da fita daga tashin hankalin cutar haukar shanu ba, ba su saurari hukuma ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tarayyar Turai ta amince da dankalin Amflora na kamfanin BASF a 2010, cikin shekara biyu kamfanin ya daina sayar da shi, kotu kuma ta soke izinin a 2013.

A 2012 hukumar binciken noma ta Ailan, Teagasc, ta fara gwada wani dankali a gundumar Carlow, wanda aka sa masa ƙwayar halitta daga wani dankalin daji na Kudancin Amurka don ya jure wannan cuta dai. Ya jure, an kuma yi zanga-zanga. Kowane ɓangare ya kafa hujja da yunwar kakanni. Masu goyon baya suka ce ga maganin abin da ya halaka miliyan guda. Masu adawa suka ce dogaro da iri ɗaya, da barin abincin talaka a hannun masu ƙarfi, su ne suka yi kisan, kuma irin da kamfani ya mallaka zai iya mayar da manomi ɗan haya a gonarsa.

Muhawarar ta iso gida. A Filato, inda ake noma mafi yawan dankalin Najeriya, manoman Bokkos da Mangu sun san wannan ƙunar ganye a tsakiyar damina, kuma an yi gwajin irin da aka sauya don jure ta a tashar bincike ta Kuru. Tun 2019 Najeriya ta amince da wake mai jure tsutsa da aka samar a Samaru, Zariya, a 2024 kuma masarar TELA ta biyo baya, ana ta cacar baki a kanta.

Kafin manomin Filato ya karɓi sabon irin ko ya ƙi, yana da haƙƙin a gaya masa wa ya mallake shi, nawa zai saya, ko zai iya ajiye na bana ya shuka baɗi, da kuma ko tsofaffin irinsa za su ci gaba da zama a gefen gona. Idan damina ta ɓaci duk da haka, tambayar da mutanen Ailan suka yi a 1847 za ta taso: abincin da ke cikin ƙasa, wa za a ba?