Miji da Mata a Kujera Ɗaya: Tarihin Gidan Graham

Ran 1 ga watan Yuni na shekarar 1933 aka yi gwanjon wata jarida da bashi ya karya a birnin Washington na ƙasar Amurka, sunanta Washington Post. Wani attajiri mai suna Eugene Meyer, wanda bai daɗe da sauka daga shugabancin Babban Bankin Amurka ba, shi ya saye ta a kan dala 825,000. Shekara 80 jaridar nan ta yi a hannun zuriyarsa, kuma a cikin wannan zamani aka ga abin da ba safai akan gani ba: miji ya riƙe ragamar kamfani shekara 17, da ya rasu matarsa ta karɓa, ta riƙe kusan shekara 30. Saboda haka wanda ke son ya gane yadda namiji da mace kowannensu ke haɗa mulkin babban kamfani da hidimar iyali, to, ga gida ɗaya inda aka gwada duka biyu.

Matar ita ce Katharine, 'ya ta huɗu cikin 'ya'yan Meyer biyar, an haife ta a 1917. Tun tana jaririya ta ɗanɗani zaman gidan manya: uban yana can wajen harkar kuɗi da aikin gwamnati, uwar kuwa, Agnes, marubuciya ce mai yawan tafiye-tafiye. Har iyayen suka yi 'yan shekaru a Washington, yaran suna New York a hannun masu reno. Katharine ta gama Jami'ar Chicago a 1938, ta yi aikin neman labarai a wata jarida ta San Francisco, sa'an nan ta komo jaridar ubanta. Watau ta san aikin jarida tun kafin ta yi aure. A 1940 ta auri Philip Graham, wani matashin lauya mai kaifin basira wanda ya yi karatu a Harvard, ya kuma yi aiki a ƙarƙashin alƙalan Kotun Ƙoli.

A 1946 aka naɗa Meyer shugaban Bankin Duniya na farko, sai ya zama dole ya nemi wanda zai riƙe jaridar. Ɗansa namiji tilo ya riga ya zaɓi aikin likita. Meyer bai waiwayi 'yarsa da ta san aikin ba, ya ɗauki surukinsa, mai shekara 30, ya ɗora. Bayan shekara biyu da aka zo rabon hannayen jari masu ikon yanke shawara, Philip ya sami 3,500, Katharine ta sami 1,500. Hujjar uban ita ce bai kamata namiji ya zama yana aiki a ƙarƙashin matarsa ba. A cikin littafin tarihin rayuwarta, Personal History, wanda ya fito a 1997, ta bayyana cewa a lokacin ita ma ba ta ga laifin wannan rabo ba ko kaɗan.

Philip ya yi aiki ba ji ba gani. A 1954 kamfanin ya sayi Times-Herald, jaridar safe da ke gasa da su, a 1961 kuma ya sayi mujallar Newsweek. Ya zama aminin John Kennedy da Lyndon Johnson, har yana cikin waɗanda suka shawo kan Kennedy ya ɗauki Johnson mataimaki a zaɓen 1960. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake haɗa wannan duka da renon 'ya'ya huɗu, domin kowa ya san amsar. Katharine ce ke kula da yara da makarantarsu, ita ke tafiyar da gidansu na Georgetown da gonarsu ta jihar Virginia, ita ke shirya liyafar da akan ƙulla manyan al'amura a wajenta. Hausawa kan ce ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Philip ɗaya ya tauna, matarsa ta riƙe masa ta biyun.

Daga 1957 aka ƙara mata wani nauyi. Wani ciwon ƙwaƙwalwa ya kama Philip, irin wanda kan ɗaga mutum wata da watanni cikin zumuɗi da ɓarin baki, sa'an nan ya jefa shi cikin baƙin ciki har ya kasa fita daga ɗaki. Ita ta yi jinyarsa, ta kuma rufa masa asiri a wajen ma'aikata da abokai, alhali kuwa yakan yi mata ba'a a gaban baƙi. A ƙarshen 1962 ta gane yana neman wata mace, daga baya ya ce zai rabu da ita, ya kuma riƙe jaridar ubanta. Hannayen jarin nan na 1948 su suka ba shi ƙarfin faɗin haka. Ya komo gida a tsakiyar 1963, aka kwantar da shi asibiti. Ran 3 ga Agusta, da aka ba shi izinin hutun ƙarshen mako a gona, ya harbe kansa. Shekarunsa 48.

Mutane da yawa sun zaci za ta sayar da kamfanin. Sai ga shi a watan Satumba ta karɓi shugabanci, tana da shekara 46, da niyyar riƙe wa 'ya'yanta amana har su isa. A nan ne bambancin ya fito fili. Philip ya hau kujerar yana da mai riƙe masa gida, ita kuwa ta hau ba ta da kowa a wannan matsayi, kuma ba ta sake aure ba har ta mutu. Abubuwa biyu suka taimake ta. Na farko lokaci: babbar 'yarta tana da shekara 20, autanta 11, watau wahalar goyo ta wuce. Na biyu dukiya, wadda ta ba ta ikon ɗaukar masu hidimar gida. Duk da haka shekaru 20 ɗin da ta yi a gida sun bar mata tabo. Ba ta san karatun lissafin kamfani ba, tana jin tsoron magana a gaban taro, kuma sau da yawa ita kaɗai ce mace a ɗakin shawara. Sai bayan 1973, da Warren Buffett ya sayi hannun jari mai yawa a kamfanin, ta sami wanda ya zauna ya koya mata harkar kuɗi dalla-dalla.

Al'adar gari ma ba ta tanadi wuri domin mace irinta ba. A manyan gidajen Washington, in an gama cin abincin dare mata kan koma wani ɗaki, maza su zauna hirar siyasa. Wata rana a gidan ɗan jarida Joseph Alsop ta ce ita gara ta tafi gida ta yi karatu, maigidan ya hana kowa tashi, daga nan al'adar ta soma mutuwa. A 1970 kuwa mata 46 ma'aikatan Newsweek suka kai ƙarar mujallar saboda ana hana su aikin rubutu, ana bar wa maza. Da labari ya iske ta, sai ta tambayi manyan ma'aikatanta ko wane ɓangare ya kamata ita ta tsaya, tun da ita mace ce, ita ce kuma mai kamfanin.

Babbar jarrabawarta a cikin gidanta ta same ta. Ran 17 ga Yuni 1971 tana tsakiyar liyafar ban kwana da wani ma'aikaci aka kira ta a waya. Editocinta, ƙarƙashin Ben Bradlee, sun sami takardun asiri na Ma'aikatar Tsaro a kan yaƙin Vietnam, waɗanda kotu ta riga ta dakatar da jaridar New York Times daga bugawa. Lauyoyi suka ce kada a buga, domin kwana biyu ke nan da fara sayar da hannayen jarin kamfanin a kasuwa, ga kuma lasisin gidajen telebijin ɗinsa a hannun gwamnati. Abin da take riƙe wa 'ya'yanta shi ne a bakin wuta. Ta ce a buga. Ran 30 ga watan Kotun Ƙoli ta goyi bayan jaridun da ƙuri'a 6 a kan 3. A 1972 ta zama mace ta farko da ke shugabancin ɗaya daga cikin kamfanoni 500 mafi girma na Amurka, kuma a shekarar jaridarta ta soma tonon abin kunyar Watergate, wanda ya kai Shugaba Nixon ga murabus a 1974.

Lokacin da masu aikin injin buga jarida suka yi yajin aiki a 1975, wanda ya fi wata huɗu, ita da ɗanta Donald suna cikin waɗanda suka yi aikin hannu don kada jarida ta tsaya. Ta miƙa masa jaridar a 1979, kamfanin kuma a 1991. Littafinta ya ci kyautar Pulitzer a 1998, ta rasu a 2001. A 2013 ɗanta da jikarta suka sayar da jaridar ga Jeff Bezos a kan dala miliyan 250.

Abin da tarihin gidan nan ke nunawa shi ne, daga mijin har matar ba wanda ya ɗauki kamfani da iyali a kai ɗaya a lokaci ɗaya. Mijin ya sami mai riƙe masa gida ba tare da ya roƙa ba, har aka ƙara masa da rinjayen hannun jari. Matar kuwa sai da yara suka tasa, ta kuma biya masu hidima, sa'an nan ta soma koyon aikin ofis tana da shekara 46. Saboda haka in an ga shugaban kamfani, namiji ko mace, ana yabonsa da iya haɗa aiki da iyali, tambayar da ta dace ita ce wa ke gida, kuma me zaman gidan ya hana shi samu.