Ertugrul: Ma'anar sunan, asalinsa da yadda ya iso Kaduna

A unguwar Nasarawa da ke kudancin kogin Kaduna, kamar sauran unguwannin Arewa, sunan Ertugrul ba baƙo ba ne a kunnen matashin da ke kallon fina-finan Turkiyya a waya. Wasu sun mayar da shi laƙabi a Facebook, wasu kuma na ɗaukarsa sunan wani gwarzon Musulunci da ya dace a raɗa wa yaro. Kafin a kai ga yanka rago, yana da kyau a san abin da sunan ya ƙunsa.

Ma'ana

Ertugrul ba Larabci ba ne, tsantsar Turkanci ne, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa. "Er" na nufin namiji ko mayaƙi, "tugrul" kuwa tsuntsu ne mai farauta, dangin shaho, wanda tsofaffin Turkawa ke ɗauka alamar ƙarfi da sarauta. A taƙaice, jarumi ne mai kaifin shaho. Turkawa ba sa furta harafin "g" na tsakiya da ƙarfi. Jan wasalin da ke gabansa suke yi, sai ya fito kamar "Ertuurul".

Rabin sunan na biyu ya daɗe a tarihi. Shi ne sunan Tugrul Beg, jagoran Saljuƙawa da ya shiga Bagadaza a 1055.

Asali

Mutumin da ya fito da sunan shi ne Ertugrul Gazi, wanda tarihin Turkawa ke danganta shi da ƙabilar Kayi. Ya rasu wajajen 1280, kabarinsa na garin Sogut a Turkiyya. Ɗansa Osman ne ya kafa daular da ta wanzu har 1922. Osman shi ne Usman a bakin Turkawa, shi ya sa Bahaushe ke kiran daularsu Daular Usmaniyya, sunan da yake kiran ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shi, ko da yake babu alaƙar jini tsakaninsu.

Abin da aka tabbatar game da rayuwarsa kaɗan ne. Babbar shaidar zamaninsa ita ce wani tsabar kuɗi na lokacin Osman da ke ambaton Ertugrul a matsayin mahaifinsa. Yawancin labaransa an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Don haka akasarin abin da ake gani a fim ƙirƙirar marubuta ce.

Farin jini

A Disambar 2014 tashar TRT 1, mallakar gwamnatin Turkiyya, ta fara nuna shirin Dirilis: Ertugrul, inda Engin Altan Duzyatan ya fito a matsayin jarumin. Shirin ya ƙare a 2019 bayan zango biyar da kashi 150. A 2020 gidan talabijin na gwamnatin Pakistan ya fara nuna shi da harshen Urdu bisa shawarar Firaminista Imran Khan. A Arewa kuwa, ta intanet da shagunan masu tura fina-finai a waya ya bi ya shiga gidaje.

Tasirin fim a kan raɗin suna a bayyane yake a Turkiyya ma. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa a 2022 Alparslan ya ture Yusuf daga matsayin sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza, shekara guda bayan TRT 1 ta fara shiri mai ɗauke da sunan wannan sarki.

Siyasar da ke ciki

Shirin bai rabu da siyasa ba. Shugaba Recep Tayyip Erdogan ya ziyarci wurin ɗaukarsa, yayin da hukumar fatawa ta Masar ta soki irin waɗannan fina-finai a 2020, tana zargin cewa hanya ce ta faɗaɗa tasirin Ankara. A daidai wannan zamani Turkiyya ke ƙara kusantar Afirka. Erdogan ya zo Abuja a 2016 da 2021.

Ga mazaunin Kaduna, birnin da rikicin 2000 ya sauya masa tsarin zama, suna ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa da shi ake fara auna mutum. Malamai ba su shar'anta cewa sai suna ya zama na Larabci ba; abin nema shi ne kyakkyawar ma'ana, kuma Ertugrul na da ita. Sai dai uban da zai raɗa shi ya sani cewa sunan ƙabila ne, ba na sahabi ba, kuma tashar wata gwamnati ce ta kawo masa shi har gida.