Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Tsakar Gida

Duk wanda ya riski aikin jinya a ƙasar Hausa kafin shekarar 1984 ya san cewa matar da doguwar naƙuda ko yankan gishiri ya bari da yoyon fitsari ba ta da madogara sai haƙuri, domin likitocin da suka iya ɗinkin ƙalilan ne, masu jiransu kuwa Allah kaɗai Ya san adadinsu. A wannan shekara ce Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan da ya zo aiki asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, ya soma wannan tiyata, har daga bisani aikin ya kai cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano.

A farkon al'amari, himmarmu mu ma'aikatan jinya ba ta wuce roba da ruwa ba: mu tabbata robar fitsari ba ta toshe ba, mu yi ta bin mata da kofi muna cewa, "Baiwar Allah, ƙara sha," har ranar da za a zare robar, a duba zane a same shi busasshe, a yi hamdala, a sallame ta da wasiyyar ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti. Amma sannu a hankali muka fahimci cewa wadda aka saka saboda zarni, aka ware mata kwano da tabarma, aka daina sayen ƙosanta, ko da ɗinkinta ya kama, in ta koma ba sana'a ba mai karɓarta, to larurar tana nan, wuri kawai ta sake.

Daga wannan fahimta aka soma ƙulla asibiti da gari. A cibiyar Kwalli ta Kano, da kuma aikin da ƙungiyar FORWARD ta yi a Dambatta, aka riƙa koya wa mata ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da karatun yaƙi da jahilci, domin kowace ta koma da abin da za ta riƙe kanta. Mu kuma muka koyi neman waliyyi da mai unguwa da ungozoma tun kafin sallama, muka koyi gayyato malamai, saboda da yawa daga cikin matan sun bar salla bisa zaton najasa ta hana su, alhali kuwa hukuncin salasul bauli a mazhabar Malikiyya sananne ne, cewa fitsarin da ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Na ga dattijuwar da ta ji wannan fatawa ta nemi buta nan take, tun ba a kai ta ga likita ba.

Da hukumar UNFPA ta ƙaddamar da yaƙi da cutar a 2003, aka yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato a 2005, inda aka yi wa mata fiye da 500 aiki. A 2012 aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi, tun 2013 kuma ake tunawa da matsalar kowace ranar 23 ga Mayu.

Sai dai har yau kuɗin tiyata ya fi kuɗin bibiya sauƙin samu, domin ɗinki ana ƙidaya shi a rubuta a rahoto, komawar mace cikin dangi kuwa ba ta shiga lissafi. Alhali mafi yawan alherin da muka gani daga can ya fito, domin matar da mutanenta suka karɓa hannu bibbiyu ita ce ke komawa ƙauye ta zaƙulo wata da ke ɓoye a ƙuryar ɗaki, ta biya mata kuɗin mota, ta rako ta har ƙofar asibiti.